Takwas Cikin Tara

Ran Talata na sayo shi a Ƙofar Ruwa,
faranti tara masu haƙora, ɗaya bisa ɗaya,
kamar an jera fayafayai daga babba zuwa ƙarami.
Mai shagon ya rantse na Baljiyam ne,
ya naɗe mini shi a tsohuwar jarida.
Na biya ban nemi ragi ba,
don gwiwata ta gaji da hawan gefen Goron Dutse.

Da la'asar na kifa keken a soro,
sirdi a ƙasa, tayoyi na kallon azara.
Na zare wilin baya, na kwance tsohon giya,
na ɗora sabo a kan hob.
Ya ƙi.
Na juya shi, ya ƙi.
Na ce datti ne. Na aiki Ummita ta sayo kananzir,
na wanke, na dirje da yagaggiyar singileti
har ƙarfen ya nuna mini fuskata a murguɗe.
Ya ƙi dai.

Guduma na ɗauko, ba zan ɓoye ba.
Na ɗaga ta ke nan aka kira magariba.
Allah ya yi wa ladanin unguwarmu albarka.

Washegari na rataya wilin a kafaɗa
zuwa gindin dalbejiyar Sallau a Gwammaja,
inda tsofaffin tayoyi ke lilo a rassa.
Bai ko gyara tabaransa ba.
Babban yatsa ya sa, ya bi jikin hob a hankali
kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafar yaro.

"Kwarmin nan ba ɗaya suke ba," in ji shi.
"Ɗaya ya fi 'yan'uwansa faɗi.
Nemo shi, ka haɗa shi da abokinsa."
Ya juya kaɗan.
Sulum! Giya ya zauna.

Na buɗe baki zan fara godiya,
ya ce, "Dakata, Malam Tanimu, ba a gama ba."
Ƙaramin farantin yana tsaye a waje, ba wurin zama,
murfin ɗauri yana ta juyi a iska,
ya rasa zaren da zai kama.
Sallau ya yi dariya har da tari:
"Ɗakin mutum bakwai gare ka,
ka kwaso baƙi tara."

To yaya?
Ko dai sabon hob,
a kwance sifok talatin da shida, a sake saƙa su,
ya faɗi kuɗin, na tuna wata bai ko raba ba,
albashin masinja kuwa ba ya jin kira;
ko kuma a sallami baƙo ɗaya.
"Na tara sirara ne, takwas za su matsu.
Sarƙa ma sai ka sayi siririya.
Zaɓi wanda za a cire."

Babban ba ya taɓuwa, don shi na yi cinikin.
Ƙaramin shi murfi ke dannewa.
Na daɗe ina kallonsu, shayin Sallau ya huce.
Na nuna na tsakiya,
na ce wannan ba wanda zai yi kewarsa.

Ya goge kan ƙusoshi, ya raba su, ya zare shi,
ya mayar da saura, ya shafa girisi, ya ɗaure.
Murfi ya kama, ƙas, ƙas, ƙas.
Ya miƙo mini na tsakiyan, baƙi-ƙirin da mai:
"Riƙe kayanka, kai ka biya."

Yanzu ina hawa tudun a zaune,
'yan adaidaita na yi mini oda, ba na kula su.
Amma kullum daidai kwanar gidan mai,
in na sauya giya, ƙafata kan faɗa rami,
kamar harshe ya tarar da giɓi.

Farantin yana wajen Ummita.
Ta zura masa zare, ta rataye a ƙofar ɗaki.
Ta ƙirga haƙoransa, ta ce sha bakwai ne,
sun fi na bakin Kaka.